Karan Awon Baba Ashafa

"Hau bayanta ka zauna, Malam," in ji Baba Ashafa. "So nake ta ji nauyi."

Malam Sada, shugaban makarantar firamare ta Ikara, ya tattare rigarsa ya ɗare bayan motar. Ta ɗan nutsa ƙasa. Baba Ashafa ya tsugunna da ƙyar, ya cusa hannu tsakanin tayar baya da ƙarfen jikin motar da ya lulluɓe ta. Yatsa ɗaya ne ya shiga, shi ma sai da ya murje. Ya zaro shi ya ɗaga wa mai motar.

"Akawu, ka gani? Ɗaya. Huɗu ake nema."

Mai motar, Maiwada, akawun auduga ne, bai fi shekara talatin ba. Yana tsaye da gajeren wando da doguwar safa, ya harɗe hannu. Motar ja ce, ƙarama, marar rufi, mai kujera biyu kacal. Wani Baturen gona ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu bayan samun mulkin kai. Duk yankin, daga Ikara har Kudan, babu irinta, kuma babu wanda ya ga amfaninta, don ko buhun gero ba ta ɗauka. Hanyar Makarfi ta lanƙwasa mata ƙafafunta na asali, sai Maiwada ya aika Kano aka kawo masa sababbin wili huɗu masu ƙyalli, wato ƙarafan da ake ɗaura taya a kansu. Tsofaffin inci sha biyar ne, waɗannan sha shida. A kansu ya sa aka ɗaura manyan tayoyin Landiroba, masu kaushin baya.

Baba Ashafa tsohon direban soja ne, daga baya ya zama bakanike. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Malam Sada, shekara goma sha ɗaya ke nan. Bai iya karatun boko ba, amma lambobin jikin taya ya san su kamar sunayen 'ya'yansa. Ya ɗauko wani guntun karan dawa da ya yanke daidai da tsayin tsohuwar tayar, ya jingina shi da sabuwar. Sabuwar ta ɗara karan sosai.

"Abin ba wuya," ya ce. "Wili ya ƙaru da inci ɗaya, to taya ta rage kauri, don tsayin ya tsaya inda maƙerinta ya ajiye shi. Lamba ɗari biyar za ka sa. Wannan ɗari shida ce, ta motar daji. Ranar da ka ɗora mata kaya ka faɗa rami, ƙarfen nan zai sauko ya yanka ta."

"Baba, zamaninku daban ne," in ji Maiwada. "Ɗari biyar ai tayar keke ce. Ranar nan a Makarfi wani ɗan kamasho ya tambaye ni wai ko motar wasan yara ce. Yanzu dube ta. Ta miƙe."

"Ta miƙe kamar akuya da takalmin soja."

Masu zaman gindin bishiyar bedi suka fashe da dariya. Fuskar Maiwada ta haɗe.

"Wanda bai taɓa mallakar ko keke ba shi ne zai koya mini mota? Da kara? Ni littafin motar gare ni, da Turanci."

"Ka karanta shi?"

Maiwada ya juya wajen motar. Ya tsallake ƙofa ya shiga, ya tayar da ita, Malam Sada ya yi maza ya sauko. Baba Ashafa ya bi ta da kallo har ta sha kwana, ya tofar da tuƙar goro, ya jingine karansa a bakin zaure.

Malam Sada shi ya koyar da Maiwada a aji huɗu. Ya tuna yaro ne mai kyawun rubutu, wanda in an gyara masa lissafi sai ya goge gyaran. Ya so ya ce wani abu a ranar, sai ya ga ba huruminsa ba ne.

Bayan mako uku, wata Talata da hantsi, damina ta yi tsakiya, Mairo matar Baba Ashafa ta leƙo ta kan katanga ba ko sallama.

"Malam, ka taimaka. Maigidan ne. Tun asuba yake amai."

Ya tarar da shi a kan tabarma ya dunƙule, gumi na tsatsafo masa. Tsohuwar ƙabar da ya samu wajen ɗaga injuna ce ta fito ta ƙi komawa. Malamin asibiti ya zo ya taɓa wurin, ya ja Malam Sada waje.

"Hanji ne ya murɗe. Aikin wuƙa ne, sai Zariya. In ya kai yamma a nan, babu labari."

Motar kasuwa sai jibi. Ta hakimi tana Zariya tun jiya. Mota ɗaya ce ta rage a garin.

Maiwada bai ƙi ba, a ba shi wannan. Sai dai ya ɓata kusan rabin sa'a yana sauya riga, sa'annan ya zo yana danna ham tun daga kan kwana, don unguwa ta san wa ya kawo ɗauki. Aka ɗauko tsohon aka zaunar da shi a kujerar gefe. Ba ya iya riƙe kansa, sai ya karkata.

"Ni fa ba zan tafi da shi ni kaɗai ba," in ji Maiwada. "In ya cika a hannuna, me zan ce?"

"Malam, don Allah ka bi shi," in ji Mairo. Ta miƙo masa buta da zanen rufa.

Malam Sada ya hau baya, daidai inda ya zauna ran awo, ya zuro ƙafafu ta bayan kujeru, ya tallafe kafaɗun maƙwabcinsa. Aka ɗaure galan na mai a gefensa. Baba Ashafa ya buɗe ido.

"Akawu. Safayar taya fa?"

"Tana gida. Ba ta shiga but ɗin kaya."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya, ciwo ya katse ta.

Kafin su bar gari lafiya lau. Da suka hau hanyar Makarfi, inda ruwa ya zaizaye jar ƙasa ya bar ramuka, sai ƙarar ta fara. Duk ramin da suka faɗa, sai a ji ƙurrr daga baya, kamar ana goga wuƙa a dutse. Can sai warin roba ya taso.

"Ka ji ta?" in ji Baba Ashafa, murya ƙasa ƙasa. "Ta hagu ce. Rage gudu."

"Baba, ka yi shiru ka ji da ciwonka."

"Malam," in ji tsohon, "nauyinka ne. Kai ka danne ta. Ka sauka a Makarfi."

Malam Sada ya leƙa tayar hagu. Ya ce wa Maiwada ya tsaya su ɗaure tsohon da rawani a jikin kujera, shi ya sauka.

"A tsakiyar Makarfi? A ga na ɗaure mutum kamar rago?" in ji Maiwada. "Ai mun kusa kwalta. Da mun hau shi ke nan."

Suka ratsa Makarfi yana ta ham, har ya ɗaga wa masu shayi hannu. Malam Sada yana iya dafa kafaɗarsa ya daka masa tsawa irin ta aji huɗu. Bai yi ba. Shekara ashirin yana koyarwa bai taɓa ɗaga murya ba, kuma yana alfahari da hakan. Sai ya yi ta ƙoƙarin ɗage jikinsa duk sanda ya hango rami, kamar hakan zai rage masa nauyi.

Mil biyu bayan gari, tsakanin gonakin rake, akwai wata kwatar da ruwa ya yanke. Maiwada ya shige ta da gudu. Tayar ta fashe da ƙara kamar bindiga, motar ta yi hagu ta yi dama, ta tsaya da hanci cikin ciyawa.

Suka shimfiɗe Baba Ashafa a gindin wata ɗorawa. Wani manomi mai suna Lado ya fito daga cikin rake da fartanya a kafaɗa. Da ya ji abin da ake ciki bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya jawo kekensa ya nufi Tashar Yari neman babbar mota.

Maiwada ya tsaya a kan tayar. Ƙarfen ya yanka ta zagaye, tsaf, kamar an sa aska.

"Kayan Kano ne," ya ce. "Sun sayar mini da ruɓaɓɓiya."

Ya buɗe but ya fiddo jak na ɗaga mota, ya tsaya riƙe da shi, don babu abin da zai ɗaura. Ya zagaya motar yana duba ko fenti ya kwarzane.

"Malam," in ji Baba Ashafa. "Yana duba fenti, ko?"

"Ƙyale shi, Baba. Lado ya tafi, yanzu za a zo da mota."

"Babbar mota ba ta shigowa nan ran Talata. Na yi shekara tara a hanyar nan." Ya numfasa. "Ba laifinka ba ne. Da ɗari biyar ce, ko ku uku ne a baya ba za ta taɓa ba."

Malam Sada ya jiƙa bakin zane da ruwan buta ya goga masa a leɓe. Azahar ta yi, ya yi salla a gefensa. Inuwar ɗorawar ta matsa, suka ja shi suka bi ta. Maiwada ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, ya cire hula yana murza ta.

"Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya juyo ya dube shi.

"Na yafe. Allah ya yafe mana duka." Ya rufe ido, ya sake buɗewa. "Ta dama ma ta ci rabi. Kada ka hau ta haka."

Daga nan bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada, Malam Sada yana faɗa yana bin sa. Ana gab da la'asar ya cika.

Lado ya dawo da wata motar katako da ya roƙa a bakin kwalta. Direban ya sauko, ya ga zanen da aka ja har kai, ya yi salati. Da zai koma ya juya motarsa sai idonsa ya faɗa kan jar motar. Ya duba tayar, ya dubi Maiwada daga hula har safa.

"Wane jahilin ne ya ɗaura wa wannan ɗari shida?"

Maiwada ya sunkuyar da kai. A wannan motar katako aka mayar da Baba Ashafa Ikara.

Liman ya ce a yi sauri kafin rana ta faɗi. Aka zaro dogon kara daga dangar gidan, aka auna tsawon mamacin, masu haƙa suka tafi da shi maƙabarta. Da aka gama rufewa, aka kwantar da karan a kan kabari. Mutane suka yi ta yi wa Maiwada sannu da ƙoƙari, yana amsawa da kai. Malam Sada ya wuce ta gabansa bai miƙa masa hannu ba, abin da bai taɓa yi wa wani ɗalibinsa ba.

Kwana uku aka yi zaman makoki a zauren. A rana ta huɗu shanu biyu suka jawo jar motar cikin gari, an cusa wa tayar tsumma da ciyawa. Masu zaman gindin bedi suka bi ta da ido, ba wanda ya ko yi dariya.

Da safe Malam Sada ya fito zai tafi makaranta, ya tarar da Mairo tana sharar bakin zaure, lulluɓe da mayafin takaba. Suka gaisa, ya ƙara yi mata ta'aziyya. Ta tattara bawon gyaɗa da tuƙar rake da masu gaisuwa suka bari. Da tsintsiyarta ta kai ga guntun karan nan da ke jingine da bango, sai ta ɗaga shi, ta share ƙarƙashinsa, ta mayar da shi inda yake.