Dodanniyar da Ke Jiran Sallama

Ni Audi, abu ɗaya na iya a duniya, shi ne kiwo. Yayana Malam Kalilu shi ya kwashe karatun gidanmu kaf, ya bar mini sanda da gora. Shi ne limamin masallacin Juma'ar unguwarmu a Daura, ni kuwa ina bayan shanu a dajin Sandamu. Kowa na zaune da rabonsa har shekarar da Daular Tagulla ta shigo ta iyakar Kongolam da dodanninta masu fuka-fukai da aman wuta.

Ba a yi wani yaƙi ba. Wa zai ja da abin da ke ƙone gari daga sama? Suka ajiye mana Wakili da sojojinsa, da dodanniya guda a wani fili a bayan gari. Da suka nemi mai kula da ita, wani mai baƙin baki ya nuna ni. Suka kwashe garkena don abincinta, suka haɗa da ni. Saniyar da ta fara ci sunanta Yelwa, sai na laƙaba wa dodanniyar sunan don haushi.

Daga nan mutanen gari suka sa mini suna bawan Daula. Shi kansa Yaya in na yi masa sallama yakan amsa, don ya san hukuncin amsawa, amma fuskarsa na kallon bango. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Su sojojin suna ɗaukar Yelwa makami, ni kuwa na san dabba dabba ce. Wutar cikinta tana sa ta ƙwarnafi, ta yi ta birgima tana nishi. Ran nan na jiƙa mata kanwa a baho kamar yadda nake yi wa shanu. Ta shanye, ta yi gyatsa, wutar ta mutu ƙurmus har wuni guda. Sai na riƙa ba ta da Azahar, lokacin da sojoji ke tafiya cin abinci. Nakan yi kiran salla a hankali, in yi sallata, sannan in miƙa mata. Ranar farko ta tsoma hanci a bahon ina cikin ruku'u, ta kifar. Ina sallamewa na zabga mata sanda a hanci. Tun daga ranar, da ta ji kira sai ta kwanta, ba ta taɓa bahon sai ta ji sallama. Sabo turken wawa.

Amma haƙurinta na da iyaka, kwata ɗin awa ne cif. Ranar da na ɗan tsawaita, rumfata ta tafi a wuta.

To bana sai Daula ta hana kiran salla. Wai ƙaho za a riƙa busawa, kowa ya rusuna wa gunkin sarkinsu na tagulla. Malamai suka ce gara a kashe su da su rusuna. Yaya ya yi jawabi, aka yaɗa a wayoyi, ya ce ranar Juma'a shi da bakinsa zai yi kira a lasifika, don hukuncin ya faɗa kansa, ba kan ladan ba. Wakili ya ce madalla. Ya sa aka hana Yelwa abinci tun Laraba, aka kafa mata tsaro, ya ce ranar za ta ƙone masallacin da duk wanda ke ciki.

Ranar Alhamis bayan La'asar na sulale na tafi zauren Yaya. Na tarar da dattawan tawaye sun cika shi, ana ta musu a kan kalar tuta.

"Yaya, magana ce da ni, kuma gajeriya ce," na ce.

"Wa ya bar bawan Daula ya shigo?" in ji Alhaji Sha'aban, wani dillalin raguna da bai taɓa matsar dodo kusa da tsawon filin ƙwallo ba.

Na share shi. Na yi musu bayani dalla-dalla. Muryata da ta Yaya iri ɗaya ce, ko mahaifiyarmu takan ruɗe. In ya yi kira Yelwa za ta kwanta. Abu biyu kawai nake roƙo: a ajiye bahon ruwan kanwa a ƙofar masallaci, don ni za a caje ni, sannan kira da huɗuba da salla kada su wuce kwata.

Dattawa suka dubi juna. Duk Daura an san huɗubar Yaya. Mutane sukan ci tuwo su ƙoshi kafin su zo. Akwai Juma'ar da wani ya shigo da ɗanyen aski, aka ce ya fita yana neman wanzami.

Malam Suhaibu, na'ibin Yaya, ya gyara zama. "Tukuna. Wannan kanwar, sadaka ce ko hadaya? In aka ajiye wa dodo kwano a ƙofar masallaci, me ya raba mu da masu tsafi?"

"Magani ne, Malam. Ƙwarnafi take yi."

"To ai shi ya sa ya kamata a duba. Ya halatta a yi wa dabbar abokin gaba magani?"

Wallahi sai da suka kwashe awa guda. Wani ya ce a fara tantance ko Yelwa tsuntsuwa ce ko macijiya. Wani ya tambaya ko yawunta najasa ne, in ya taɓa dandamalin alwala. Alhaji Sha'aban ya ce shi a ganinsa tarko ne, Daula ce ta aiko ni in gajarta wa Musulmi huɗuba. Ina tsaye ina kallonsu. Gobe za a gasa su kamar tsire, suna nan suna neman dangin dodo.

"Yaya!" na ce da ƙarfi. "Ni ban san littafi ba, amma na san dabbar nan. Ku yi tawakkali, ba wanda ya hana. Ai ko mai raƙumi ɗaurewa yake ya kuma dogara ga Allah, kai ka koya mini. Ba na son in kwashe tokarka a buhu."

Sai a lokacin ya dube ni. "Audi, ba za a ajiye wa dodo kwano da izinina ba. Huɗuba kuwa ba kai za ka auna mini ita ba. Tashi ka koma wurin iyayen gidanka."

Na fito ina huci. A soron ciki na yi karo da matarsa, Yaya Barakatu, tana riƙe da ludayi. Ashe duk tana ji.

"Kai ma da gangan," ta ce. "Ka zo neman kanwa wurin maza? Akwai wanda ya san inda take a gidansa? Nawa kake so?"

"Kamar ƙwarya biyu, Yaya. Amma ya ce ba da izininsa ba."

"Na ji. Shi ya sa ba zan tambaye shi ba. Kowace mace a unguwar nan tana da ɗan gutsure na miyar kuka. Je ka abinka."

Ranar Juma'a masallaci ya cika har titi. Aka caje ni, aka jefa ni motar sojoji. Muna isa sai ga Yelwa ta sauko daga sama da Wakili a bayanta, iskar fuka-fukanta na kwashe takalman mutane. Yunwa ta sa idonta ya yi ja, hayaƙi na fita ta hancinta. A gefen famfon alwala na hango wani babban baho an rufe shi da faifai da tsohon zane, kamar na mai sayar da kunu.

Lasifika ta yi ƙara. Yaya ya ɗaga murya.

Yelwa ta daskare. Ta karkata kai, ta dube ni, ta dubi lasifika. Sai ta naɗe fuka-fukai ta kwanta rim a tsakiyar titi, ta ɗora haɓa a ƙasa. Wakili ya yi ta dukanta da sandar tagulla yana ihu da yarensu. Ko gezau. Na ce wa sojoji bari in duba ta, na janyo bahon gaban hancinta, na buɗe shi, na tsuguna. Agogon wani soja na kusa da fuskata, na kafa masa ido.

Kira ya ci minti huɗu, don Yaya ko a bakin mutuwa sai ya ja. Jama'a na ta kuka, wata biyu ba su ji shi a sarari ba. Ni kuwa ina cewa a raina, ku yi kukan da sauri.

Aka fara huɗuba. Sai na ji Yaya ya yi gyaran murya irin wanda yake yi in zai yi nisa. Na gwada wayo, na raɗa wa Yelwa sallama a kunne. Ta harare ni, ta mayar da ido kan lasifikar da ke ta magana. Ni na koya mata, ga shi ya dawo kaina. Minti bakwai. Bahon ya fara ɗumi saboda numfashinta.

Sai na ji Yaya ya ce, "Ku ji tsoron Allah, kada ku rusuna wa kowa sai Shi." Ya yi shiru, alamar ya zauna. Ya miƙe, ya yi salati da addu'a a taƙaice. Sai kawai na ji an ta da iƙama.

Na ɗauka kunnena ne. Har cikin sahu na ga mutane na waige-waige, wani tsoho ma bai gama miƙe ƙafa ba. Aka kabbara. Bayan Fatiha, mutumin da ya saba jan sura har gwiwoyi su yi rawa ya ɗauko mafi gajarta. A raka'a ta biyu ma haka. Ina tsugune gaban dodanniya hawaye ya zubo mini. Ashe ya ji ni. Duk wannan kallon bangon, yana ji.

Minti goma sha huɗu, maƙogwaron Yelwa ya fara haske. Wutsiyarta ta share wani babur. Na dafa hancinta, tafina na ƙuna, ina cewa, "Haba Yelwa, haba 'yar albarka." Sai sallama ta fito daga lasifika.

Ta tsoma kai a baho. Tana ɗagowa ta yi wata doguwar gyatsa, farin tururi ya fito, shi ke nan. Wakili ya daka mata tsawa ta yi wuta, ta yi masa hamma. Ya duba ya ga dubban mutane suna fitowa daga masallaci, kuma ba wanda ke gudu. Ya zamo daga bayanta a hankali, ya shige mota. Aka ce ba su tsaya ba sai Kongolam. Kowa ya san Daula za ta dawo, amma ranar dai ba ta ƙona kowa ba.

Alhaji Sha'aban ya fito yana gaya wa mutane dama shi ya san haka za a yi. Ban ko tanka ba, don da na tanka da an raba mu.

Sai ga Yaya. Jama'a suka buɗa masa. Ya tsaya a kaina, ya dubi tafina da ya tashi, ya dubi bahon, wanda ya san na gidansa ne sarai.

"Ka rasa Juma'a," ya ce.

Raina ya ɓaci. "Yaya, da wane hannun zan yi ta? Ina nan ina..."

"Sai ka yi Azahar, raka'a huɗu. Tashi, lokaci na tafiya."

"In na saki bahon za ta kifar, akwai saura a ciki. Ba ta iya sha ba sai an riƙe mata."

Malam Kalilu ya naɗe hannun babbar rigarsa. Malam Suhaibu ya buɗe baki zai yi magana, Yaya ya dube shi sau ɗaya, ya rufe bakinsa. Yaya ya tsuguna a gaban Yelwa, a bainar jama'a, ya karɓi bahon daga hannuna.

"Ta nan ake riƙewa?" ya tambaya.

"Ƙara karkatawa kaɗan."

Ya karkata. "Je ka, ɗan'uwana," ya ce. "Kuma kada ka yi sauri. Ina nan."