Ƙirjin Abba

Lokacin kullen korona Khaula tana aji huɗu a karatun likita, darasi duk ya koma waya. Ranar da malaminsu ya kunna musu sautin zuciya mai ciwo, sabis ya ɗauke a unguwarsu ta Dutse Alhaji, ba ta ji komai ba.

Kullum da safe takan ɗora abin sauraro a ƙirjin mahaifinta don gwaji. Yakan yi dariya ya ce, "Yaya dai, likita?"

"Lafiya lau, Abba."

Kafin Babbar Sallah ya rasu.

Da aka koma asibiti, malamin ya kai ta gaban wani dattijo ya ce, "Saurara da kyau, wannan zuciyar ta gaji."

Ta saurara. Wata uku ta yi tana jin wannan sautin kowace safiya a ƙirjin Abba.