Jan Kofin Manaja

Nas ta ɗora jaririn a sikeli, ta duba kati, ta sake ɗora shi.

"Bai ƙaru ba," ta ce. "Mako biyu ke nan. In kuka dawo ranar Litinin a haka, gado za mu ba ku."

Maman Manaja ce uwar jaririn. A ɗakin gwajin jini take aiki, ba ta yarda da abin da ba ta auna ba. Tunda hutun haihuwarta ya ƙare, kullum sai ta tatsi nono kwalba huɗu ta jera a firij kafin ta fita. Da yamma ta tarar da su a wanke, a kife. To ina nonon yake zuwa?

Ta fara zargin firij, ta saka masa ma'aunin sanyi. Lafiyarsa lau. Ta koma kan mijinta, mai dawowa cin abincin rana.

"Ni?" ya ce. "Da gemuna? Madara ce ta ƙare a kanti?"

Saura mutum biyu: mahaifiyarta, da ta zo taya ta reno, da 'yarta ta fari mai shekara uku, wadda ba da umarni ya ja mata suna Manaja. Yarinyar ta daina kukan da take yi in uwar za ta fita. Ta daina cinye abincinta. Amma kumatu sai sheƙi suke.

Ranar Alhamis Maman Manaja ta bar aiki da hantsi. Ta cire takalmi a ƙasan bene, ta hau a hankali.

Ƙofar kicin a buɗe take. Tsohuwa ta juye rabin kwalba a jan kofi ta miƙa wa Manaja, sannan ta ɗauki buta ta cika kwalbar da ruwan ɗumi, ta girgiza.

"Inna!"

Tsohuwa ko gezau. "Sallama ma ta gagare ki? Tafasasshe ne."

"Kwantar da shi za a yi a asibiti, Inna. Saboda wannan ruwan."

Hannun tsohuwa ya tsaya. "Shi wa ya ga yana kuka? Ciki ya cika, ya yi barci. Wannan kuwa, kafin in fara ba ta, bakin ƙofa take zama tana kiranki har muryarta ta dushe. Yaushe rabonki da ɗaukarta?"

Maman Manaja ta nemi ranar ta rasa. Ta karɓi kwalbar ta zubar a wurin wanke-wanke, ta ɗauko jaririn ta zauna ta ba shi nono. Manaja na tsaye, kofi a bayanta, farin gashin baki a leɓe.

"Na Mama ne," ta ce. "Kaka ta ce nawa ne tun farko."

Uwar ta gyara zama, ta buga ɗaya cinyar. "Zo nan, ranki ya daɗe."

Ranar Litinin sikeli ya motsa kaɗan. Nas ta ce a dawo bayan mako guda. Inna ta rantse har sau biyu ba za ta sake ba.

Duk da haka, da Maman Manaja ta dawo aiki washegari, ta ɗauki yarinyar tukuna, sannan da ɗaya hannun ta ɗaga jan kofin ta shinshina.