Tafin Ƙafar Baba Ya'u

A asibiti, Sista Dorcas ta zare wa Baba Ya'u takalmi, sai ga safarsa sharkaf da jini. Wata ƙaramar ƙusa ce ta huda takalmin ta shige tafin ƙafar. Shi kuwa tsohon ko a jikinsa, sai bugun ƙirji yake yi wai yau da ƙafa ya tako tun daga Ƙofar Dumi, tunda an ce masu ciwon suga su riƙa motsa jiki.

"Baba, ba ka ji zafi ba?"

"Zafin me, 'yata? Ai ƙafar nan ba ta da ƙorafi."

Abin da take tsoro ke nan. Ciwon ya riga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa, ko garwashi ya taka ba zai sani ba. Bara aka yanke masa yatsa ɗaya. In wannan miki ya ruɓe, ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi.

Ta cire ƙusar, ta wanke wurin, ta ɗaure. Ta yi masa allurar rigakafi.

"Dole kullum a duba maka tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Wa ke gidan?"

"Ni da tattabaruna," ya ce yana dariya. "Matata Hamsatu ta riga mu gidan gaskiya. Yara kuma kowa ya kama gabansa, sai gaisuwa ta waya."

Dariyar ta ba ta tausayi fiye da kuka. Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan madubinta.

"To ga wannan. Ka ajiye shi a ƙasa, ka ɗaga ƙafar a kansa. In ka ga ja, ko kumburi, ko tsagewa, ka zo nan da nan."

Ya karɓa hannu bibbiyu, ya kai shi dab da fuskarsa ya daɗe yana dubawa.

"Madalla. Tangaran kuwa! Allah ya yi miki albarka."

Bayan madubin yake kallo. Ashe ciwon ya taɓa idanun ma, kunya ce ta hana shi faɗa.

Dorcas ta tuna ɗakinta na Yalwa, can wani gefen gari, inda ba mai jiran dawowarta sai kwaɗon ƙofa.

"Baba, a wane lungu gidanka yake?"

"Kar ki wahalar da kanki, 'yata."

"Wace wahala?" ta ce, tana sa masa takalmin a hankali. "Ai hanyata ce."