A Kai Auta a Duba Ta

Ranar Laraba malamar aji biyu ta tsayar da Maman Auta a bakin ƙofar makaranta, ta miƙa mata takardar asibiti da uba zai sa wa hannu.

"Auta akwai ƙwaƙwalwa," in ji malamar, "amma da an kaɗa ƙararrawa sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur. Ba ta wasa da kowa. Ban ce lalurar galahanga ce ba, wato autism, ni ba likita ba ce. Ku dai kai ta a duba."

Maman Auta ba ta yi mamaki ba. A shagonta na ɗinki, yarinyar, 'yar shekara bakwai, kan zauna awa biyu tana jera maɓallai, ka taɓa ɗaya kuwa ranar ba zaman lafiya. Tun a hanyar gida ta yanke shawarar kai ta.

Mijinta, direban bas, shi ya turje. Ya karanta takardar a tsaye, ya ajiye ta kan firiji.

"Da sun liƙa mata suna, shi ke nan, ya bi ta har abada. Kuma bari Inna ta ji, ta wanke mu tas."

"Na ji ai, kunnena bai mutu ba," in ji Inna, mahaifiyarsa, daga falo inda take ninke wanki. "Zo nan. Kawunka da kuke kira Shiru-shiru, haka yake yana yaro. Ba wanda ya duba shi. Aka yi ta dukansa, aka ce dolo ne, aka cire shi daga aji uku. Mutumin da ke kwance agogo ya mayar da shi daidai! Suna kake tsoro? Ko ba likita mutane za su raɗa mata nasu, kuma nasu ba ya zuwa da taimako."

Mijin ya jima yana juya makullin mota a hannu.

"Ina biro?" ya ce.

Ranar ganin likita ya yi musayar aiki da abokinsa, suka tafi su huɗu. Likitar ta zauna a ƙasa kusa da Auta, ba ta matsa mata sai ta kalle ta ba. Bayan awa guda ta ce sai sun dawo sau biyu kafin ta faɗi wani abu.

Baban ne ya fi kowa tambaya, har Inna ta zungure shi.

"Kai, bar wa na bayanka layi."

Maman Auta ta karɓi katin dawowa, ta kama hannun 'yarta suka yi gaba.