Minti Goma na Inna Mubaraka

Minti goma kacal Hamsatu ke nema, kuma wata uku ke nan ta kasa samun su.

Ita ta jawo wa kanta wannan wahala ta Zaman Fira, ba wanda ya aike ta. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, daga la'asar zuwa magariba, ake taruwa a farfajiyar lakwal, wato makarantar bokon da take koyarwa a Dogon Dutsi. Wani ya yi lacca, wani ya karanta abin da ya rubuta, a rufe da ban dariya. Bencina na lakwal ne. Lasifika kuwa ta Muhammad Awwal ce, wani matashin ɗan kasuwa mai riƙo da sunna, wanda ya ba da aro bisa sharaɗi guda: ladan na fara kiran magariba zai zare waya, ko wa ke magana.

Minti goman na Inna Mubaraka ne, wata tsohuwa daga Dumega da ta haura sittin kafin ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Ta rubuta labarin yadda aka haƙa rijiyar unguwarsu, shafi biyu, burinta ta yi karatu gaban jama'a ko sau ɗaya. Sau biyu tana shigo mota tun safe, sau biyu tana komawa da littafinta a rufe. A na biyun ta ce, "Madam, in na uku ya faɗi na haƙura. Gwiwoyina ba su son motar nan." Hamsatu ta rantse mata da Allah ba zai faɗi ba.

Abin da ke cinye lokacin kuwa gaisuwa ce. A garin nan duk wanda ya riƙe mikoro sai ya gai da manyan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, da suna da muƙami. Su kuma manyan ba sa zuwa da wuri, wai kada a ce ba su da abin yi. Da wani ya shigo, sai mai magana ya tsaya, a tashi, a gyara masa kujera, a koma gaisuwar daga farko don ya ji inda aka sa shi. Kai jama'a!

Ran nan Hamsatu ta rubuta tsari da babban baƙi ta manna a jikin iccen dalbejiya. Mushe Saminu, tsohon insifektan makarantu (Mushe shi ne Malam a Faransancin 'yan lakwal), zai yi magana kan amfanin karatu minti ashirin. Sai Inna Mubaraka. Sai Ado, Bafillatani mai allurar dabbobi, ya rufe da ban dariya.

Ta durƙusa gaban Mushe Saminu ta ce, "Baba, don Allah a taƙaita."

"Ɗiyata, ni ba mai dogon zance ba ne," in ji shi.

Ya gai da mutum tara, ya fara lacca, sai ga wakilin mai unguwa. Aka koma farko. Ya kai na goma, sai ga wani Alhaji mai sayar da siminti da abokansa biyu. Aka sake komawa. Hamsatu ta duba agogo, ta duba rana, ta ja tsaki a ciki don ba ta isa ta ja shi a fili ba. Mushe Saminu shi ya koyar da mahaifinta. Ta aika masa 'yar takarda, ya karɓa ya sa aljihu, ya gode mata ta mikoro, ya haɗa da gai da iyayenta. Ji ta yi kamar ta kwanta a ƙasa ta yi birgima.

Inna Mubaraka na can gefen benci, ta duƙufa kan littafinta da guntun fensir. Hamsatu ta ce a ranta, baiwar Allah, har yanzu gyara take yi.

Inuwar dalbejiya ta kai bangon aji, Mushe Saminu kuwa yanzu ya iso shekarar da aka tura shi Dogon Kiriya a kan amalanke. Muhammad Awwal ya matso kusa da waya ya tsuguna.

Nan Hamsatu ta juya ta ga Ado yana hamma. Ashe maganin na zaune kusa da ita tun ɗazu! Mushe Saminu Ba'are ne, ga tsagarsa nan daga baki har kunne, kuma tsakanin Arawa da Fulani akwai wasan taubasantaka. Abin da ba wanda ya isa ya faɗa wa dattijon nan, Ado zai faɗa a yi dariya, kuma kunya ce Mushe ya yi fushi.

"Ado, ka ceci rantsuwata. Karɓo mini mikoron nan."

"Madam, to ni fa? Sati biyu ina shirya abina."

"Ka yi shi yanzu, a kansa."

Ado ya miƙe ya taka har gaba, ya dafa kafaɗar dattijon. "Kai Ba'are! Yau na gane dalilin da ya sa aka ja muku baki har kunne, don zance ya samu hanya mai faɗi. Shanun da na yi wa allura da safe sun haihu, kai ba ka iso Dogon Kiriya ba. Kawo nan, ubangidanka ya ce ka zauna."

Wurin ya kece da dariya. Mushe Saminu ya kai masa duka da hula yana cewa, "Bawan banza, mai warin nono!" Amma ya saki mikoro, ya zauna yana share hawayen dariya.

Saura minti goma cif. Hamsatu ta riƙo hannun Inna Mubaraka ta kawo ta gaba, ranta fari fat.

Tsohuwa ta buɗe littafi, ta ɗora yatsa, ta fara a hankali: "Ina gai da Mushe Saminu, tsohon insifekta. Ina gai da wakilin mai unguwa."

Innalillahi! Hamsatu ta dafe kai. Har ke, Inna?

"Ina gai da Alhaji mai siminti."

Kowane suna sai ta bi shi da yatsa, ta furta, ta ɗago ta dubi mai shi. Hamsatu ta zagaya bayan jama'a inda tsohuwar za ta gan ta, tana kaɗa hannu, tana nuna agogo. Aka kai na sha biyar. Aka kai na sha tara. Ta kasa daurewa, ta ce da ƙarfi, "Inna, tsallake! Shiga labarin!"

Inna Mubaraka ta dube ta, ta juya shafi. "Shekarar da aka haƙa rijiyarmu..."

Ladan ya ɗaga murya. Muhammad Awwal ya zare waya.

Jama'a suka watse neman alwala. Hamsatu ta tsaya takaici ya cika ta har wuya, ta rasa wa za ta fara ci wa mutunci. Da ƙyar ta iya zuwa gaban tsohuwar.

"Inna, ki gafarce ni. Amma ke ma, fisabilillahi, mi ya kai ki gaisuwa?"

"A'a, in tsaya gaban manya ban gaishe su ba? Wa ya haife ni?" Fuskarta sai walƙiya take. "Madam, kin gani? Suna sha tara, yau na rubuta su da hannuna suna shigowa, kuma ban yi tuntuɓe ko guda ba. Na karanta gaban jama'a. Ba sai na dawo ba."

"To rijiyar fa?"

"Rijiya tana nan Dumega, kowa ya san ta. Guda ɗai na tsallake, ke kika ce in tsallake."

Ta miƙa mata littafin ta tafi neman buta. Hamsatu ta duba. A ƙasan sunayen manya, da rubutu karkatacce wanda fensir ya kusa huda takarda, layi na ashirin ya ce: Ina gai da Madam Hamsatu, ɗiyata, wadda ta yi rantsuwa sabili da ni.

Hamsatu ta ja tsakin da ta riƙe tun la'asar, ta goge ido da bakin gyale. Bencina goma sha huɗu na jiran ta mayar da su aji.