Hoton da Na Ɗauko wa Simeon

"Riƙe ta da kyau mana, Malam Maiwada, ba garwashi ba ce," in ji Simeon, yana cusa mini wayarsa a hannu. "Wannan farin ɗigon kawai za ka danna."

Yana kwance a doguwar kujera a barandar gidansa, ciwon ƙoda ya kumbura masa ƙafafu har silifa ba ta shiga. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Kudan tun yana malamin gona. Da ya yi ritaya sai muka ɗauki al'adar zaga kurmin da ke hanyar Taba duk safiyar da aka yi ruwa. Ni in hango, shi ya durƙusa ya ɗauki hoto: laimar kwaɗi, naman kaza, furen balasa mai shuɗi wanda ba ya kai azahar a buɗe. Tun ina yaro ake ce mini sarkin shiririta, don a aji huɗu na bar makaranta saboda kallon tururuwa. Simeon ne mutum na farko da na nuna wa abu a ƙasa ya ce, "Ina? Nuna mini."

Akwai wata farar laimar kwaɗi, irin wadda ake ci, da ke fitowa a gindin wani tsohon suri sau ɗaya a damina. Bana yana asibitin Zariya aka fara ruwa, kullum ita yake tambaya. Jiya an kwana ana ruwa, kuma na gan ta da na je duba rake.

"Maman Linda, faɗa masa ya yi sauri kafin matan itace su kai ta tukunya," ya ce wa matarsa Veronica.

"Ka bar dattijo ya sha kunu tukuna."

"Kunu ba ya narkewa a rana."

Na tafi. Sun fito su da yawa, babbar ta kai faifai, ƙananan na leƙowa ƙarƙashinta da jar ƙasa a kansu kamar hula. Na kwanta rubda ciki yadda yake yi. Rana na haska gilashin, ba na ganin komai a ciki, amma na yi bisimilla na yi ta danna ɗigon.

Da na dawo ya karɓi wayar. Ya duba. Ya goga da yatsa, ya sake dubawa. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Veronica! Zo ki ga irin naman kazan da ya fito bana. Har da gemu!"

Ashe garin riƙo na taɓa wani wuri, idon wayar ya juyo kaina. Ba laima ko ɗaya. Fuskata ce kawai, hanci ya cika gilashi, baki sake, hula ta karkace, ganye a gira. Veronica ta yi dariya har ta dafa ƙofa.

"Kawo in koma," na ce.

Ta gyara mini wayar, na hau acaɓa. Na tarar da ramuka a gindin surin da sawun ƙafar mata.

Na dawo na tsaya a bakin baranda, na kasa shiga.

"Sun kwashe, Malam. Ka yafe mini."

"Zauna nan," ya ce. Har yanzu da ragowar dariya a muryarsa. Ya karɓi wayar, ya buɗe hoton nan, ya faɗaɗa shi da yatsu biyu. "A nan me kake kallo?"

"Babbar."

"Yaya ƙarƙashinta?"

Na faɗa masa: layi-layi ne sirara kamar haƙoran mataji, ga ɗigon ruwa yana lilo a baki, ga wata gara ta ɓata hanya tana hawa. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Ya goga zuwa hoto na gaba.

"Nan kuma? Ka ga yadda ka zaro ido."

"Ƙananan ne, masu hula."

Haka muka bi hotunan har ƙarshe. Ya ce, "Shekara da shekaru ina duba ƙasa, ban taɓa ɗagowa na ga wanda ke nuna mini ba. To, na gan ta, Maiwada. Ta yi kyau bana."

Bai ƙarasa makon ba. Ranar da za a kai shi garinsu a kudu, na shiga yi wa Veronica sallama. Mata sun cika tsakar gida suna waƙa a hankali. Na ce Allah ya ba da haƙuri, ta ce in zauna in sha ruwa, ta nuna mini barandar.

An naɗe bargonsa a kan kujerar, wayar na kai. Saƙon ta'aziyya ya shigo, gilashin ya yi haske. Sai ga ni a hoton da ya ɗora a fuskar wayar, baki sake, ganye a gira, ina kallon rufin kwano. Jim kaɗan hasken ya ɗauke.